Wayar Ɗakin Ɗinki

Da la'asar Yaya ta kira ni, muryarta a dushe. Ɗakin ɗinkinta ya kama da wuta. Maƙwabta sun taru sun kashe, babu wanda ya ji rauni, amma kekunan ɗinkinta biyu da kayan mutane duk sun ƙone.

Gyaran wuta ne sana'ata, don haka na ɗauki jakar aiki na tafi. Na same ta zaune a bakin ƙofa, ƙafafunta baƙi ƙirin da toka.

"Auta, laifina ne," ta ce. "Na jona dutsen guga na shiga kicin."

Na sauke babban makunni, na gwada soket da tasta har na tabbatar babu wuta, sannan na kafa tsani na leƙa cikin silin.

Dutsen guga bai yi komai ba. Daga sama wutar ta tashi. Wayar da ta sauko zuwa soket ɗin siririya ce, irin wadda ake ja wa ƙwan fitila, an haɗa ta da mai kauri an naɗe da tef. Ta daɗe tana zafi tana cin robarta a hankali.

Na gane naɗin. Hannuna ne. Shekara shida da suka wuce, mai kaurin ta ƙare mini ana saura kamu uku, na ƙarasa da abin da ke jakata, na ce gobe zan dawo in canza, ban kuwa canza ba. A lokacin fanka kawai take jonawa a wurin.

Na jima a kan tsanin kafin na sauko da guntun wayar, na ajiye a gabanta.

"Yaya, ba ke ba ce. Ni ne."

Na yi mata bayani. Ta juya wayar a tafin hannunta.

"Jikata a nan take barcin rana," ta ce. "Yau ne kawai uwarta ba ta kawo ta ba."

Ta tashi ta shige ciki.

Kwana huɗu na yi ina zare wayoyin gidan ina sa sababbi, kowane soket da mai kaurinsa a cikin bututu. Kullum takan aje mini abinci a kan taga, ba ta tsayawa. Ranar da na gama, na ce ta zo ta gani.

"Bar makunnin a kashe tukuna," ta ce daga ɗaki.