Muryar Taibatu a Tashar Mafara

A shekarar da ruwan Bakolori ya haɗiye gonaki da maƙabartun ƙauyukan gefen Maradun, aka fara cewa wata matacciya ta taso daga ƙarƙashin ruwan ta shige maƙogwaron wani ɗan daudu mai sayar da tuwo a tashar Talata Mafara. Har sunanta aka kama: Taibatu maguɗiya, wadda a zamaninta ba a kai amarya ɗaki daga Dosara zuwa Faru sai da guɗarta. Matan da aka tasa daga ƙauyensu ne suka fara ji. Sun zo cin kasuwa, suka ji ana kiran masu cin tuwo, suka ajiye ƙwaryarsu a tsakiyar hanya suna kuka. Kafin la'asar magana ta kai Bakura.

Malama Hindu, yayar marigayiyar, ita ce ta ƙarshen ji, domin mutane na shakkar kai mata irin wannan labari. Ta yi karatun littattafai a zauren mahaifinta, ta yi na boko, ta koyar da 'yan mata har gashinta ya yi fari. A duk abin da ta karanta ba ta taɓa ganin inda mamaci ya dawo duniya tallan tuwo ba. Jummai ce ta kawo mata labarin, tsohuwar ɗalibarta, matar Balarabe mahauci.

"Malama, ai ƙanen maigidana ne, Ɗanliti. Shi ne ya maida kansa mace, ake kiransa Turai. Yanzu maigida ya ce abin kunyar ya ishe su, ga daudu ga aljana. Ya aika Bakura a kira Nagode mai hayaƙi. Ran Talata in kasuwa ta hwara watsewa za su kama shi su lulluɓe da bargo, a zuba barkono bisa garwashi, sai aljanar ta hwaɗi sunanta."

Hindu ta san hayaƙin nan. An taɓa yi wa wata yarinya 'yar ajinta mai farfaɗiya. Farfaɗiyar tana nan, muryar ce ta tafi; har ta yi jikoki raɗa take yi. Don haka washegari ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta, ta ce bari ta je ta ji da kunnenta.

Tashar Mafara ta wancan lokaci ba ta barci. Motocin kamfanin da ke gina dam suna ta wucewa da duwatsu, leburori daga ko'ina, Tibi da Inyamurai da Zabarmawa, kowa da kwanonsa. Hindu ta raɓe bayan wata tifa, ba ta leƙa ba, ta kasa kunne.

"Ku taho, 'yan uwana, miya ta yi! Kai mai jar hula, wuce ni za ka yi? Sannu da sauri, sarkin sauri!"

Muryar Taibatu ce sak. Yadda take jan ƙarshen magana kamar mai jan zare daga abawa, da 'yar dariyar nan da ke fita ta hanci. Har da ɗan fiton da ke biyo wasu kalmomi, wanda Taibatu ta samu tun ranar da saniya ta fitar mata da haƙorin gaba. Hindu ta zagayo gaban rumfar.

Mai maganar doguwa ce, da kafaɗun gidan mahauta, ta ɗaura zane bisa riga, ga kallabi, ga lalle har wuyan hannu. Tana dariya da leburori, Hindu ta dubi bakinta da kyau. Haƙoranta reras, ko ɗaya bai fita ba. To fito ba giɓi, wannan aikin harshe ne, wani ya sa shi wurin da gangan. Wanda ya daɗe a aji ya san ɗalibi mai son malaminsa har tarin malamin yake kwaikwaya.

Turai ta ɗago, ta gan ta, mara ta faɗi daga hannunta. Ta durƙusa.

"Inna! Ko ba a hwaɗa mini ba, wanga goshi na gidansu Inna Taibatu ne. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya ƙarin haƙuri?"

"Lahiya lau. Tashi, tuwonki na ƙonewa. An ce ƙanwata na cikin wuyanki, na zo in gaishe ta."

Turai ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta goge ido da gefen kallabi. Ta shimfiɗa mata tabarma a bayan rumfa, inda tukwane suke, ta ba ta labari tana juya miya.

An haife ta a gidan wuƙa da dambe, inda ake auna namiji da ƙarfin kirarinsa. Da muryarta ta fashe, sai ta ji kamar an yi mata baƙo a ƙirji. "Duk na buɗe baki, Inna, wani ƙato ke amsawa a madadina. Har na daina magana, aka ce miskilanci ne." Wata rana an tafi sayen shanu kasuwar Maradun, ta ji guɗa daga wani gidan biki, ta bar shanun ta bi. Daga nan ba ta koma ba. Taibatu ba miji ba ɗa, ta ba ta ɗaki, ta sa ta dakan fura. A lokacin Hindu na can Sakkwato tana koyarwa. Ta tuna an taɓa ce mata ƙanwarta ta sami mai taya ta aiki, ba ta tambaya ba.

"Ni na roƙe ta. Na matse murya na yi mata irin ta sauro, ta ce, 'Ke, wa ya ce miki mace sauro ce? Ni kin ji muryata siririya?' Ta kihwa kaina cikin randa ba ruwa, ta ce in yi sallama in ji abin da ke dawo mini. Ta sa in aza yatsa nan bisa maƙogwaro, in haɗiye yawu, in ji ya hau, in riƙe shi can kada ya hwaɗo. Ta ce in kwashe magana daga ƙirji in kawo ta bayan hanci, har in ji leɓe na kaɗawa. Sannan hawa da sauka. Ta ce maza na aza magana kamar tubali, mu saƙa ta mukai."

"Nawa kika yi kina wanga?"

"Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ban ƙirga ba. Ba goro, ba taba, ba ruwan sanyi da sahe. Sai in riƙe muryar tun asuba, akuya ta shiga hatsi, in daka tsawa, ƙaton ya dawo. Inna Taibatu ta jehe ni da muciya ta ce, 'Wa ya shigo muna gida ba sallama?' In shiga ɗaki in yi kuka, gobe a sake."

Hindu ta dubi hannun da ke tuƙin tuwo. Ta koyar da ɗaruruwa, kaɗan ne a cikinsu suka nace wa karatu irin wannan naci, su ma da bulala a bayansu.

"Kin san abin da yayanki ke shiryawa?"

"Na sani."

"To ga dabara. Ran Talata ki buɗe baki gabansu da tsohuwar muryar, sau ɗaya tak, sannan ki koma wagga. Mai aljani ba shi da iko da bakinsa. In suka ga ke ke juya ta, magana ta ƙare."

Turai ta ajiye muciya. Dariyar ta bar fuskarta.

"Inna, ki gahwarce ni. Gara barkonon. Wancan mutum na sha wuya kahin in raba gari da shi, ba ni kiransa don 'yan kallo."

Hindu ta buɗe baki za ta yi gardama, domin gardama ce abincinta, sai ta rufe. Ta ga abin da ta nema ba ƙarami ba ne, kuma ba ita za ta biya ba. Ta daɗe tana buga sandarta a ƙasa.

"Abin da aka koya miki, kina iya koya wa wani?"

"Ko jaki ne, in yana da haƙuri."

"Jakin muna da shi. Haƙurin ne sai an nemo."

Ran Talata, da kasuwa ta fara sanyi, aka taru a bayan rumfar mahauta, inda ake shanya fatu. Nagode mai hayaƙi ya zo daga Bakura da kaskonsa da bargo, yana fifita garwashi. Turai ba ta jira an kamo ta ba, da ƙafarta ta zo, ta sha kwalli. Balarabe na tsaye, ƙato, ɗan damben da ya kayar da mazaje daga nan har Ƙauran Namoda, sauran mahauta sun kewaye shi. Sai ga Malama Hindu da sandarta. Duk suka zube gaisuwa, domin babu gidan da ba ta koya wa matansa karatun salla ba.

"Balarabe, an ce ƙanwata za ku turara. Ina da haƙƙi ko ba ni da shi?"

"Kina da shi, Malama. Amma wanga yaro ya zubar muna da mutunci. Ɗan mahauta da muryar mata, in ba aljana ba mi ne ne?"

"Ni ma shi na zo in gani. In aljana ce, namiji lahiyayye ba ya iya yin irinta, ko?"

"Ko kusa!"

"To zauna. Ka yi abin da aka ce maka. In muryar mata ba ta hito bakinka ba, ni da kaina zan riƙe bargon."

Balarabe ya ja da baya. "Haba Malama, ni?"

Wani tsohon mahauci da ke kankare fata ya ɗago. "Af! Yau ga Balarabe an kira shi hwage ya noƙe. A kira makaɗa su sauya masa take!" Aka bushe da dariya. Ɗan dambe yana iya ƙin abinci, yana iya ƙin bashi, amma ba ya ƙin kira a gaban abokan sana'a. Ya zauna bisa turmi yana huci.

Turai ta durƙusa gabansa. Rabon da ta matso shi haka tun suna yara.

"Yaya, kawo yatsanka. Aza nan. Haɗiye yawu. Ka ji ya hau? Riƙe shi can."

"Ya gudu."

"Ai ba sa ba ne, ba da ƙarhi akan riƙe shi ba. Sake. Yanzu ruhe baki ka yi gunji kamar ƙudan zuma. A'a, wannan injin ban-ruwa ne. Sama kaɗan. Kawo shi bayan hanci. Leɓenka na ƙaiƙayi?"

"Yana yi," in ji Balarabe, yana hararar kowa.

Aka daɗe ana abu ɗaya. Gumi ya jiƙa masa riga fiye da na ranar dambe. Turai ba ta yi masa dariya ko sau ɗaya ba. Ta gyara masa haɓa, ta sauke masa kafaɗa, ta yi masa sautin ya bi. Cikin masu kallo ma, wasu har sun kai yatsa wuya a ɓoye.

"To, daga nan inda kake, kada ka sauka, ce: Salamu alaikum, masu gida, kun wuni lahiya?"

Ya faɗa. Abin da ya fito ba Taibatu ba ce, ko kusa. Amma ba Balarabe ba ne. Wata 'yar dattijuwa ce mai mura, mai ladabi, ta yi sallama daga cikin ƙirjin nan mai faɗin ƙofa. Shi kansa sai da ya waiga.

Tsohon mai kankare fata ya faɗi bisa fatarsa. "Maraba da Hajiya! A kawo mata tabarma!"

"Nagode," in ji Hindu, ba ta ko murmusa ba, "ƙara garwashi. Aljanun sun zama biyu. Ka hwara da babban."

Nagode ya dubi Balarabe, ya dubi damtsensa, ya juye garwashin a ƙasa ya taka. "Malama, ni iska nike kora. Abin da aka koya da yatsa bisa wuya ba ya jin hayaƙi." Ya naɗe bargonsa, ya nemi motar Bakura.

Balarabe ya miƙe yana gyaran murya da ƙarfi, kamar mai tabbatar da tasa na nan. Bai dubi Turai ba. "Ba mai taɓa ka," ya ce yana kallon ƙasa. "Amma kada ka shigo muna gida da zane." Turai ta ce ta ji, ta gode, ta karkaɗe gwiwarta. Tana da tukunya a wuta, ta koma tasha.

A hanyar gida wata daga cikin matan da ruwa ya tasa ta tare Hindu, ta riƙe mata gefen mayafi, ta ce don Allah ta gaya mata gaskiya, Taibatu ce ko ba ita ba ce.

Hindu ta ce, "Taibatu ta rasu, kabarinta na ƙarƙashin ruwa tare da na iyayenku. Muryar ta Turai ce. Wurin Taibatu ta koye ta."