Gemun Bunsurun Hadiza

Sabo yana durƙushe da almakashi a bayan rumbu, ya maƙale kan bunsuru a hammata, sai ga Hadiza mai bunsurun ta fito. Ya bayyana mata cewa aikin gwamnati ne. Shi ne mai fentin garin Dogon Dutsi, kuma kwamandan gari ya sa shi zana babban allon maraba saboda baƙon da zai zo daga Yamai bikin 'yancin kai. Buroshin da wani Bature ya bar masa kuwa, Liman ya duba ya ce gashin alade ne, an jefa shi rami. Ya gwada wutsiyar jaki, ta yi kaushi. Ta raƙumi ta zube cikin fenti. Saura gemun bunsuru.

"To, yanki rabi," in ji Hadiza. "Ka bar mishi na shiga mutane."

Sabo ya yanke duka.

Bai taɓa riƙe buroshi mai laushi irin wannan ba. Launi ya narke cikin launi, sararin sama ya fito kamar na gaske. Warin dai ya ƙi fita.

Ranar biki aka kafa allon a ƙofar biro, ofishin kwamanda. Kafin hantsi awakin gari suka fara zuwa, har da waɗanda suka tsinke igiya. Suka jeru gaban allon, suka ɗaga kai suna kallo. Gardawa masu tsaron biro suka kore su, suka dawo da wasu. Kwamanda ya aiko a faɗa wa Sabo cewa da an watse zai kwana gidan kaso. 

Baƙon ya sauko daga mota, ya daɗe yana duban awakin. Sannan ya ce duk yawonsa bai ga inda dabbobi ma suka fahimci 'yancin kai ba sai nan Arewa. Aka tafa. Ya ba da umarni Sabo ya zana irin wannan allo a Tibiri da Kore Mairuwa.

Da la'asar Sabo ya nufi gidan Hadiza don ya ji ko gemun ya soma tohowa. Ya tarar da fata shanye a kan darni.

"Tun da ka aske shi ya daina cin abinci," ta ce. "Zauna, an ajiye maka kai."

Sabo ya wanke hannu.