Katin da Aila Ta Hana 'Yarta

Duk wanda ya taɓa sayen littafi a kantin Aila Rautio ya san katunanta. 'Yan ƙananan katuna ne farare, tana rubuta su da hannunta da shuɗiyar tawada, ta liƙa a bakin kantar littattafai ƙarƙashin duk sabon littafin da ya burge ta. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan aiki a ɗan garin nan na bakin tafkin Superior a Amurka, kuma ƙa'idarta biyu ce rak: ba ta yi wa littafi kati sai ta karanta shi har shafin ƙarshe, ba ta kuma yi don kunyar kowa. Marubuta sun aiko da furanni, wakilan kamfanonin ɗab'i sun zo da daɗin baki, duk a banza. Shi ya sa in mutanen garin suka ga shuɗiyar tawadar nan, ko bangon littafin ba sa juyawa, ɗauka kawai suke yi.

Ba ta kuma iya irin yabon nan na cika baki ba. A ƙarƙashin wani sabon ƙagaggen labari na 'yan'uwa mata biyu da suka gaji gonar tumaki alhali babu mai so a cikinsu, abin da ta rubuta shi ne: "Kada ka fara shi in ka ɗora girki. Ni tukunyata ta ƙone." A ƙarƙashin tarihin rayuwar wata mata da ta shekara ashirin tana tuƙin babbar mota kuwa ta ce: "Wannan baiwar Allah ba ta ƙarya, ko a inda ƙaryar za ta fi yi mata kyau." Kai, Aila gwana ce, wannan ko masu jin haushinta sun yarda.

Amma gwanintar nan ce ta raba ta da 'yarta tilo, Kaisa.

Shekara tara da suka wuce Kaisa ta fitar da ƙagaggen labarinta na farko. Aila ta karanta shi tsaf, ta jera kwafi ashirin a taga, ta sayar wa duk wanda ya tambaya. Kati ne dai ba ta yi ba. Gari kuwa ƙarami ne, kafin mako ya zagayo kowa ya lura. Da Kaisa ta zo daga Minneapolis ta tsaya gaban kantar, ta duba sama ta duba ƙasa, sai ta ce, "Mama, ina nawa?"

"Bai nuna ba tukuna," in ji Aila. "Kina rubutu kamar mai tsoron kada a gane ki."

Ita dai ba ta iya tauna magana ba, yadda ta zo mata haka take fito da ita. Kaisa ta ɗauki jakarta ta fice. Tun daga ranar abin da ya rage a tsakaninsu bai wuce katin Kirsimeti ba, sai waya ta minti biyu a kan ko dusar ƙanƙara ta sauka.

To, a farkon Oktoban bana sai ga ƙunshi ta gidan waya. Kwafin gwaji ne, irin wanda kamfanonin ɗab'i ke aika wa masu kanti kafin littafi ya fito kasuwa. Tarihin rayuwa ne, sunansa Ɗakin Saman Kanti, sunan Kaisa Rautio a ƙasa. Ko gaisuwa babu a ciki, sai wata takarda da aka buga cewa marubuciyar za ta karanta wa jama'a wani yanki a ɗakin karatu na garin ranar Asabar ta ƙarshen wata.

Aila ta tura shi ƙarƙashin teburin ciniki, ya yi mako uku a nan tare da almakashi da zaren ɗauri.

Doreen Lindqvist, wadda ta shekara ashirin tana taya ta aikin kantin kuma ita kaɗai ke iya gaya mata magana, ta gaji da kallon abin. Wata safiya ta ajiye mata kofi da burodi mai kirfa ta ce, "Ke Aila, ki rufa wa kanki asiri ki rubuta wa yarinyar nan katin. Layi biyu ne fa! Wa zai kama ki?"

"Ita za ta kama ni. A gaban katunan nan ta girma."

"To karanta mana, uwar taurin kai. Ko tsoron abin da ta faɗa a kanki kike yi?"

"Ta zage ni in ta ga dama, wannan ba ya hana ni cin abinci." Aila ta juya kofin a hannunta. "Tsorona kada ya zama bai yi ba, Doreen. In bai yi ba, ba zan rubuta ba, kin san ni. Kuma wannan karon in ta fita ƙofar nan, ta tafi ke nan."

Doreen ta tura mata burodin gabanta, ta koma bakin aikinta.

Shi ma Walt Beaulieu, tsohon ma'aikacin jirgin dakon tama da bai taɓa sayen littafin da ba shi da kati ba, sai da ya leƙo ya tambaya ko na 'yar gida ya samu shiga. Aila ta ce masa ya je ya ji da ciwon gwiwarsa.

Ranar Litinin kantin ba ya buɗewa. Da hantsi ta hau ɗakin sama da littafin, ta zauna bakin taga, a ɗakin da aka rubuta labarinsa. Babi uku na farko ta karanta su da fensir a hannu, tana neman inda yarinyar za ta ɓuya. Ba ta ɓuya ba. Babi na huɗu ya ja, har Aila ta yi tsaki sau biyu. Daga na biyar kuwa ba ta san inda fensirin ya shiga ba.

Ga ta nan a cikin littafin, ba a rage mata komai ba: matar da aka binne mijinta da safe, ƙarfe biyu na rana ta buɗe kanti. Matar da in 'yarta ta yi kuka ba ta rungumar ta, sai ta miƙa mata littafi. Amma ga wata yarinya kuma da Aila ba ta taɓa sani ba, wadda take tsince tsofaffin katuna daga kwandon shara tana tarawa a kwalin takalmi, sama da ɗari huɗu, tana kwaikwayon yadda uwarta ke faɗin abu babba da kalma kaɗan. A shafi na 188 aka zo kan ranar katin. Kaisa ta rubuta: "Game da littafin, ta yi gaskiya, na gane haka daga baya. Amma ni ba littafi ba ce. Na zauna a mota minti ashirin a ƙofar kantin, ban tayar ba, ina jira ta fito. Ba ta fito ba, tana da masu ciniki."

Aila ta tuna ranar sarai. Ta ga motar ta taga, ta ɗauka yarinyar waya take yi. Ta kifa littafin a cinyarta ta yi kuka mai isarta, sannan ta wanke fuska ta ƙarasa shi har shafin ƙarshe, don ƙa'ida ƙa'ida ce.

Ranar Asabar da azahar ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, Kaisa ta shigo da iskar tafki a bayanta. Ta yi furfura kaɗan a gefen kunne. Ta gaida Doreen, ta gaida Walt da ke tsaye da littafi a hannu, ta ce, "Sannu, Mama," kamar mai gaida ma'aikaciyar banki. Sannan idonta ya kai kan kantar sababbin littattafai, ya tsaya a kan shuɗiyar tawada a ƙarƙashin littafinta, wanda ya fito kasuwa a makon.

Katin ya ce: "Marubuciyar 'yata ce, kuma kun san ban taɓa yi mata alfarma ba. Babi na huɗu ya yi tsawo, ku daure ku wuce shi. Daga nan ba za ku iya ajiyewa ba. Ban karanta tarihin rayuwar da ya kai shi gaskiya ba a bana. Abin da ke shafi na 188, haka aka yi. Aila."

Kaisa ta karanta sau biyu.

"Babi na huɗu?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Shafi goma sha ɗaya a kan gyaran rufi, Kaisa. Haba."

Sai Kaisa ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Da ba ki sa wannan ba, wallahi da na ce Doreen ce ta matsa miki."

"Ta matsa. Ban ji ba."

Suka tsaya suna kallon juna, tebur a tsakaninsu, babu wadda ta san abin da ake yi bayan wannan. Kaisa ta goge ido, ta dubi agogo, ta ce ana jiran ta a ɗakin karatu, ta fita.

Walt ya matso ya ɗora littafinsa a kan tebur. Aila ta miƙa hannu za ta karɓa, yadda ta saba shekara talatin da huɗu, sai ta hango motar ta taga. Ba a tayar da ita ba.

Ta bar Walt da hannu a miƙe, ta zagaya teburin, ta fita cikin sanyin nan ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Ta ƙwanƙwasa gilashin motar da ɗan yatsanta mai tabon tawada.

"Buɗe min," ta ce. "Na fito."