Kan-bushiya Ba Ya Son Gata

Surukin Magini ya kashe masa furanni da ruwa.

Kwana ashirin da uku tsohon ya yi a asibiti, aka yi masa aiki a ƙugu. Da ya dawo ko ɗakinsa bai leƙa ba, ya dogara sanda ya zagaya bayan gida. Gindin fure goma sha ɗaya ya bari a jikin katanga, inda shekara bakwai da suka wuce ya zuba tsakuwa da ɓaraguzan bulo ya watsa iri. Shi ya raɗa wa furen suna kan-bushiya, don tsakiyarsa ƙaya-ƙaya ce, kunnuwansa ruwan hoda sun sunkuya ƙasa. Duk shekara sai ya bushe ƙurmus, a ce ya mutu, ya sake tohowa daga saiwa. Saiwar in ta shekara uku yakan haƙa, ya shanya, ya dafa wa jikoki in mura ta kama su.

Yanzu wurin ya zama caɓi. Ga wani baƙin tiyo kwance, an hudhuda shi, yana ɗiga. Ya zunguri gindi ɗaya da sanda, ya tuge ba gardama. Saiwar baƙa wuluk, tana wari. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tara sun ruɓe. Biyu na can ƙarshe, inda tiyon bai kai ba, su ne a tsaye.

"Auta! Wane mai hankalin ne ya yi wannan?"

'Yarsa ta fito tana share hannu da zane. "Baba, ka zauna tukuna, ɗinkinka..."

"Ɗinkina na nan lafiya. Saiwata nake tambaya."

Sai ga mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, yana washe baki. "Barka da dawowa, Baba. Ka ga aikina ko? Tiyon nan da kansa yake kunna kansa, safe da yamma. Gani na yi sun yi yaushi, na ce bai dace ka dawo ka tarar da su haka ba."

"Da wane lokaci ka ga yaushin?"

"Da tsakar rana."

"Kai ma da tsakar rana yaushi kake yi. An taɓa jefa ka rijiya?"

Auta ta toshe baki, ta juya wajen katanga.

Abin da ya fi ci wa tsohon rai, kafin a tafi da shi asibiti sai da ya ce kada kowa ya yi musu komai. Komai ɗin nan shi ne dukan aikin. Amma mai takarda bai iya zama da hannu biyu ba, gani yake duk abin da ba a wahalta masa ba an wulaƙanta shi.

"Baba, ai taimako ya yi nufi," in ji Auta.

"Taimakon da ya fi ɓarna tsada. Shekara bakwai ina hana su ruwa, ba rowa nake ba. Sai saiwa ta ji ƙishi take nutsawa ƙasa. Shi ya zo ya mai da su 'ya'yan gata."

Injiniya ya sosa ƙeya, ya dubi biyun da suka rage. Fuskarsa ta sake haske, abin da ya tsorata tsohon ke nan.

"To Baba, bari in gyara. Waɗannan biyun in cire su yanzu, in sa a tukunya da baƙar ƙasa da taki, in kai su inuwar baranda. Ba ni shebur ɗin can bayanka."

Magini ya gyara tsayuwa, ya tare shebur ɗin da jikinsa, ƙugun na zugi.

"Naɗe tiyonka ka fita da shi."

"Haba Baba, minti biyar kawai..."

"Ba zan bayar ba. Ba ka taɓa su."