Ranar da Littafi Ya Dafa Shinkafa

Shekara ashirin da shida ina tuƙa tuwo a bakin tashar Sheme. Duk direban da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san rumfar Barakatu. Ban taɓa riƙe fensir ba, amma in mutum ya sauko daga mota, kallo ɗaya nake mishi in san malmala nawa za ta kwantar da shi.

Shekarar Udoji, da gwamnati ta yi ƙarin albashi, kuɗi suka haukata mutane, kamfanin titi ya kafa sansani a bayan gari zai ja kwalta zuwa Kankara. Lebura ɗari biyu. Da farko wurina suke ci, har na ƙara tukunya. Sai kamfani ya ce shi zai riƙa ciyar da mutanensa da rana, yana neman kuku. Na yafa gyale na tafi. Manajan sansanin, Alhaji Sanusi, ya ce ina takardata. Na ce wace takarda? Ya ce ta shaidar na iya girki. Na miƙa mishi hannuwana, duk tabon wuta. Ya ce ba ita yake nufi ba.

Wa ya samu aikin? Mamuda, ɗan ƙanena na Tafoki, wanda a ɗakina aka yaye shi. Ya je Kaduna ya yi sati shida a wata makarantar koyon girki, ya dawo da farar hula mai tsawon rumbu, da littafin Turanci, da takarda mai hatimi. Ga gemu, ga mata, ga ɗiya biyu, amma bai taɓa ciyar da mutum biyar a zama ɗaya ba.

Kwana uku da fara aikinsa sai ga shi a rumfata, wadda a lokacin awaki kaɗai ke shiga.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri. Jiya saura kaɗan lebura su jefa ni a tukunya."

"Ina takardar taka? Ba ta tuƙi?"

"Ki bar zolaya, Gwaggo. Ki zo mu yi tare, zan sa a yi miki kati. Mai girki za a rubuta."

Katin nan shi ya ja ni. Duk mai katin kamfani, in an gama wanga titi a nufi Faskari ko Sabuwa, da shi ake tafiya, kuma aikin da aka rubuta mishi shi zai ci gaba da yi. Na ce to, da tsufana dai a rubuta abin da na iya. Aka kawo kati, na ƙulle shi a bakin zane, ina ji da shi kamar laya.

Ga yadda muka raba aiki. Ni ina bayan zana da gangar mai biyu da aka yanke suka zama tukwane, hayaƙi na cin idona. Shi yana gaba da hula da ludayi yana zuba wa mutane. Lebura ba yara ba ne. Helumansu, Gide mutumin Ketare, kullum sai ya lashi yatsa ya ce, "Kuku, miyan nan taka ta yi kama da ta wata tsohuwa mai masifa a tasha." Mamuda ya ce, "Kimiyya ce." Ni ina ji, ina dariyata, don ina ganin kati na nan.

Wata biyu a haka. Ran wata Laraba Alhaji Sanusi ya zo da kansa, ya ci tuwo malmala biyu, ya ce bai taɓa shan miyar kuka irin wagga ba. Mamuda ya ce ai duk a littafi take. Alhaji ya leƙo bayan zana ya ce, "Tsohuwar can fa?"

"Ranka ya daɗe, mai wanke-wanke ce. Ba ta san komai ba. Tausayi na ji na ɗauke ta."

Na tsaya da muciya a hannu. Da aka watse na kira Gide, shi ya ɗan taɓa boko, na kwance bakin zane na ce karanta mini. Ya juya katin, ya sosa ƙeya.

"Inna, kada ki doke ni, ba ni na rubuta ba. Mai wanke kwanoni aka sa."

Ban yi faɗa ba. Waɗanda suka san ni, wannan ya fi ba su tsoro.

Washegari ranar shinkafa ce. Na zo da wuri, na hura murhu ɗaya, na cika ganga rabi da ruwa na ɗora, sannan na kife turmi na zauna. Mamuda ya iso yana gyara hula.

"Gwaggo, ba ki ɗora shinkafa ba?"

"Ni? Mi na sani? Ruwan wanke-wanke dai na ɗora. Kai ne kuku. Karanto littafi, abin da ya ce in yi shi zan yi."

Ya roƙe ni da Allah, ya roƙe ni da kabarin kakarsa. Na ce kakarsa uwata ce, na fi shi sanin halinta, da tana nan da ta riga ni zama. Da ya ga rana na ɗagawa ya buɗe littafi. Ashe na mutum huɗu ne. Ya tsuguna yana zane a ƙasa, ya ce kofi ɗari na shinkafa, ɗari biyu na ruwa. Ya hura wa ɗayar gangar wuta, ya ɗauko kofin shayi ya fara awo ɗaya-ɗaya. Yana wajen sittin Gide ya wuce ya yi mishi sannu da aiki, ya amsa, lissafi ya ɓace.

"Gwaggo, nawa muke?"

"Halan ni na je Kaduna?"

Ya zuba sauran da ka. Ya ce littafi ya ce wuta matsakaiciya. Na ce icce nawa ke nan? Ya duba gaban takarda, ya duba bayanta, babu icce a ciki, don a kan risho aka koya musu. Ya ce in zuba dai. Na zuba mishi, ban yi rowa ba. Ya ce littafi ya ce a rufe, kada a buɗe, kada a juya. Na rufe na koma turmina.

Hancina ya gaya mini lokacin da ta fara kamawa. Na ce, "Kuku, littafin bai ce a janye icce ba?" Ya ce bai ce ba. Na ce madalla.

Da aka buga ƙarfen cin abinci ya ɗaga murfi. Ƙasa gawayi, tsakiya kunu, sama tsakuwa. Miya kuwa ko albasarta ba a yanka ba. Mutum ɗari biyu da suka wuni suna fasa dutse suka jeru da kwanoni suna buga su. Hayaniyar ta fito da Alhaji Sanusi daga ofis. Ya kalli tukunya, ya kalli Mamuda da hularsa ta jiƙe ta langaɓe.

"Jiya wa ya yi girki?"

Gide ya ce, "Ranka ya daɗe, kimiyya ce. Ga ta can kan turmi."

Alhaji ya zo gabana, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, akwai dabara?"

"Alhaji, ina takardata? Mai wanke kwanoni kake tambaya. In sun ci su kawo in wanke."

"Za mu gyara katin gobe."

"To gobe su ci."

Ya aika aka ɗauko sabon kati da biro, ya rubuta a kan cinyarsa. Na ce ni ba na karatu, an riga an yi mini sau ɗaya, ya hau tifa ya faɗa kowa ya ji. Babban mutum da babbar riga ya taka taya ya hau. Ya ce Barakatu ta Sheme ita ce mai girkin kamfani. Na ce na baya ba su ji ba. Ya sake. Gide ya karɓi katin ya duba ya gyaɗa mini kai, sannan na tashi.

Ni ba na wasa da abinci, Allah zai tambaye ni. Tun safe ina lura, na bar shinkafar ta lalace daidai inda zan iya ceto ta. Na kwashe ta sama da ta tsakiya ban taɓa ƙasa ba, don kada ƙauri ya biyo, na juye a ruwan nan da ke tafasa tun safe. Da ta yi laushi na sa muciya. Shinkafar da ta caɓe ai rabin tuwo ce. Na kaɗa kuka da daddawa da barkono, kafin la'asar kowa na suɗe kwano. Ƙanzon kuwa, inda bai ƙone ba, har kokawa aka yi a kansa.

Alhaji ya ce zai kori Mamuda. Na ce a'a, a bar mini shi, yana da iyali, kuma gaskiya ya iya yanka albasa siriri, sati shidan nan ba duka ya tafi a banza ba. Na fara da shi daga inda kowa ke farawa, wato wankin ganga. Ubansa ya taso daga Tafoki a kan keke wai na tozarta mishi ɗa. Na zuba mishi tuwo, ya ci, ya nemi ƙari, ya manta ƙarshen maganar.

Yanzu sansani ya matsa kusa da Kankara, da ni aka taho. Shekaranjiya na bar Mamuda ya yi talge da kansa, gudaji bai wuce cikin hannu ba. Amma har yau bai buɗe baki ya ce "Gwaggo, na yi ƙarya" ba. Na gaya mishi ranar da ya faɗa, a gaban Gide, ranar zan ba shi muciya. Kullum da safe nakan tambaye shi ko yau ce.