Jan Lalle a Yatsun Saratu

"Sake ɗorawa, Hajiya, kar ki danna da ƙarfi," in ji Chinwe, ma'aikaciyar da ke ɗaukar hoton yatsu a wani ofishin biza da ke Tarauni.

Saratu ta sake ɗora yatsunta a kan gilashin, karo na shida ke nan. Na'urar ta yi ƙara, ta kawo jar wuta. Chinwe ta kamo hannun ta juya shi. Jan lalle ne ya kama raɗam, har ya yi baƙi a kan yatsun.

"Lallen nan ne, injin ba ya ganin zanen yatsa ta cikinsa. Ki ba shi mako guda ya dusashe, ki dawo."

"Mako guda? Ƙanina Murtala yana kwance a Indiya, ƙodata yake jira. Ran ashirin ga wata za a yi aikin."

"Bizar kwana goma take ɗauka. In kin dawo Litinin za ki samu, da ƙyar dai."

Wannan "da ƙyar" ɗin ne ya tunzura Saratu. Wata huɗu tana zarya: gwajin jini, takardar asibiti, takardar kotu mai shaida cewa ita da Murtala uwa ɗaya uba ɗaya suke, sai ka ce akwai mai yanke ƙodarsa ya ba bare don nishaɗi. Duk ta haɗiye. Yau kuma a ce ganyen lalle ne zai tare mata hanya. Ta kwashi takardunta ta fice, ko sallama babu.

A adaidaita sahu har Gyaɗi-Gyaɗi zuciyarta tafasa take yi, kuma ta san wadda za ta sauke wa. Goggo Rabi ce shekaranjiya, a bikin 'yarta, ta rantse yayar amarya ba za ta fito da hannu fari kamar mai takaba ba. Ita da kanta ta zaunar da Saratu ta ƙunsa mata.

Ta same ta a tsakar gida tana tankaɗe.

"Goggo, kin ga abin da kika ja mini? Sun ƙi ɗaukar yatsuna."

"Saboda lalle? Yo su ƙasar tasu ba lalle suke yi har gwiwar hannu ba?"

"Na ce miki a bari, kika ce me mutane za su ce. To ga mutanen nan, su tashi su ba shi ƙodar."

Goggo Rabi ta ajiye rariya. Saratu ba ta tsaya jin ban-haƙuri ba. Ta matse lemon tsami ta jiƙa hannun, lallen ko gezau. Ta cuɗa da toka da garin sabulu. Ta zuba ruwan wankin farin kaya a kwano ta tsoma yatsun har suka fara zugi. Daga nan ta ɗauko dutsen goge kaushi.

"Saratu, ki ji tsoron Allah, fata ce fa," in ji goggon.

"Ai kin gama naki, bar ni in yi nawa."

Ta dinga gurza, yatsa bayan yatsa, tana cije leɓe. Haushin goggo take ji, da na injin, da na kanta da ta miƙa hannun don kunya. Kafin la'asar jan ya fita.

Saura kaɗan a tashi ta koma ofishin. Ta tsallake layi, ta miƙa hannu a gaban Chinwe.

"Ga shi. Sai ki nemo wani dalilin."

Chinwe ta ɗora mata yatsun a kan gilashin. Saratu ta runtse ido don raɗaɗi. A allon kwamfuta ba abin da ya fito sai tabo huɗu, sumul. Suka gwada ɗaya hannun, haka.

"Hajiya, me kika sa musu?" Chinwe ta tambaya a hankali. "Lallen ya fita, amma zanen ma ya bi shi. Sai sabuwar fata ta fito."

"Kwana nawa?"

Chinwe ta dubi kalandar da ke bango, ta dubi yatsun da suka fara tsattsafo da ruwa.

"Mako uku, in ba su rure ba," ta ce.

Saratu ta zauna a kan benci, ta ɗora hannuwan a cinya, tafin yana kallon sama. Wayarta ta fara ruri a cikin jaka. Ta san Murtala ne, kullum bayan wankin ƙoda yakan kira ya ji inda aka kwana.