Watan da Aka Ajiye Rokokin Tata Fermín

A ƙauyenmu, da zarar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga bayan dutse, sai tsoho Tata Fermín, wato Baba Fermín a yarenmu, ya fito da rokokinsa ya yi ta harba wa sama, wai ƙarar ce ke korar ƙanƙara kafin ta sauka a kan dankali. Haka muka taso muka tarar. Ban taɓa jin wanda ya yi tantama ba sai Malama Eulalia Ticona, mai koyar da kimiyya a makarantarmu. Ni lissafi nake koyarwa, ajina na jikin nata.

Ba ta ce ƙarya ba ne, cewa ta yi a ƙirga. Ta sa ɗalibanta suka buɗe littafi: ranar da hadari ya taso, an harba ko ba a harba ba, ƙanƙara ta zubo ko ba ta zubo ba. Wata rana tsohon yana kasuwa, wata rana rokokin sun jiƙe, don haka ranakun da ba a harba ba su ma da dama. Damina uku ana rubutawa. Ni na tara mata da hannuna: cikin hadari biyar ɗaya ke zubar da ƙanƙara, a harba ko kada a harba.

A shekara ta ukun ce roka ta faɗa kan jinkar wani gida ta ƙone shi ƙurmus, sai Malama ta ɗauki littafin ta kai taron gari.

Tata Fermín ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Malama, tun kina goye nake wannan aikin. Yanzu 'yan makaranta ne za su koya mini sama?"

Ta ce, "Tata, a ajiye rokokin a gwada wata guda kawai. Amma ku ji ni da kyau, ƙanƙara na iya zuwa, kamar yadda take zuwa ko an harba."

Da yake ƙaurin gobarar bai bar hancin mutane ba, aka amince.

Rana ta tara, da la'asar, dankali na tsakiyar fure, ƙanƙara ta sauko. Ba ta fi rubu'in awa ba, amma ko kara ɗaya ba ta bari a tsaye ba. Gonar mahaifiyata na ciki.

Ranar Lahadi aka sake taro, a kan ko za a rubuta wa ofishin ilimi a ɗauke Malama daga garin. Doña Basilia, wata uwa mai 'ya'ya shida, ta miƙe. "Malama, littafin naki zan dafa musu?"

Malama ta ce, "Doña, wallahi ina jin zafin da kike ji. Amma ko bara roka goma sha biyu aka harba, ƙanƙara ta zo ta cinye gonakin gangare. Kun manta?"

Tata Fermín ya ce, "Ran nan a makare na harba, kowa ya sani."

Wurin ya ɗauka, haka ne, haka ne. Sai ta juyo gare ni. "Malam Saturnino, kai ka yi lissafin. Faɗa musu."

Na san lissafin daidai yake, har yau na sani. Amma mahaifiyata na zaune a sahun gaba, hannunta duk taɓo, ta ƙura mini ido. A nan aka haife ni, a nan za a binne ni, ita kuwa Malama baƙuwa ce.

Na ce, "Ni dai abin da aka ba ni na tara."

Aka ce masu so ta tafi su ɗaga hannu. Na ɗaga nawa, kunya kamar ta kashe ni.

Bayan mako biyu ta hau motar kasuwa, babu wanda ya raka ta. Kafin a turo wani, ni aka ba ajinta. Na buɗe manhajar inda ta tsaya, darasin da ke gaba shi ne yadda ake gwada magana kafin a yarda da ita. Yara talatin suna kallona, na ce su juya shafi.